Wata Shida na IT: Ina Ɗalibin Ƙaura Zai Koyi Aiki?

Duk shekara akwai lokacin da za ka riƙa cin karo da samari da 'yan mata a bakin ofisoshin Gusau da Ƙauran Namoda, kowa riƙe da ambulan, suna jiran a ce su shigo. Takardar da ke ciki daga makaranta take, tana roƙon shugaban wurin ya karɓi wannan ɗalibi ya koyi aiki na wata huɗu ko shida. Ɗalibai IT suke ce wa abin, a takardun hukuma kuwa SIWES ne sunansa. Wasunsu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura suka fito, wadda aka kafa a 1983. Wasu kuma 'yan Shinkafi ne da Zurmi da Moriki da Birnin Magaji da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Bayero a Kano, sun dawo gida saboda a gida kaɗai za su ci su kwana ba tare da an ce su biya ba. Amsar da suka fi ji ita ce, "Wallahi mun cika, ku gwada gaba."

Shirin nan yana daga cikin abubuwa masu hikima da aka taɓa ƙirƙira a ilimin Nijeriya, amma a yankinmu ya kusa komawa neman sa hannu da buga hatimi. Kafin a ɗora wa ɗalibi laifi, ko malaminsa, ya kamata a san inda aka faro.

A 1971, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka kafa hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, da doka mai lamba 47, hedikwatarta kuma tana Jos. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, kuɗin man fetur ya fara shigowa, a 1972 kuma aka fito da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Nan take wata matsala ta fito fili. Masu masana'antu suna kukan cewa injiniyan da ya fito daga jami'a ya iya lissafi a allo, amma bai taɓa riƙe sifana ba, bai san bambancin ƙarar inji mai lafiya da ta wanda ya kusa tsayawa ba. Don toshe wannan giɓi ITF ta fito da SIWES a 1973, aka fara a 1974 da makarantu 11 da ɗaliban da ba su kai dubu ɗaya ba. Hukumar ta ɗauki nauyin komai har 1978, kayan suka yi mata nauyi, a 1979 aka miƙa shirin ga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ta kula da ilimin fasaha, NBTE. Nan ma bai tafi daidai ba. A ƙarshen 1984 gwamnatin tarayya ta yanke shawarar mayar wa ITF, ta karɓa a 1985, ita gwamnati tana ba da kuɗin.

Tsarin da ake bi har yau mai sauƙin fahimta ne. Ɗalibin jami'a mai karanta injiniyanci ko kimiyya ko zanen gine-gine da makamantansu yana fita wata shida, yawanci a aji uku ko huɗu. Ɗalibin foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, yana yin wata huɗu bayan shekarar farko ta ƙaramar difloma, sannan akwai shekara guda ta aiki da ake so ya yi kafin ya dawo babbar difloma. Ana ba kowa logbuk, littafin da zai rubuta abin da ya yi kullum, ya zana na'urar da ya taɓa, shugabansa na wurin aiki ya duba ya sa hannu duk mako. Malami daga makaranta ya kamata ya kai masa ziyara, jami'in ITF ma haka. In ya dawo ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban malamai ya kare shi, a ba shi maki.

Sai dai an yanka rigar ne a jikin Nijeriyar 1973, jikin kuwa ya rame. A wancan zamani da shekarun da suka biyo baya, ɗalibin Arewa yana da wurin zuwa. Masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar man Kaduna ta biyo baya a 1980. Kano tana da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, Sakkwato tana da kamfanin siminti na Kalambaina. Gusau kanta tana da masaƙar Zamfara da kamfanin matsar mai da gidan gurzar auduga. Ƙaura kuwa ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso a 1929, nan ake lodin gyaɗa da auduga da fatu, kuma inda jirgi ke juyawa dole a sami makanikai da masu gyaran taragu. Yau masaƙar Gusau a rufe take, manyan masaƙun Kaduna sun tsaya tun shekarun 2000, matatar Kaduna ta yi shekara da shekaru ba ta tace mai, jirgin ƙasa ya daina zuwa Ƙaura. A gefe guda kuma makarantu sun ƙaru: Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, jami'ar jiha a Talatar Mafara, ga kwalejin Abdu Gusau, ga ta horar da malamai mata ta Gusau, ga ta aikin gona a Bakura. Masu neman wuri suna ninkuwa, wuraren suna raguwa.

Abin da ya rage wa ɗalibi hanya uku ne. Ta farko ya yi nisa, ya tafi Kano ko Kaduna ko Abuja ko Sakkwato. Wannan hanyar mai gata ce. Sai kana da kawu ko yayan da zai ba ka ɗaki, da wanda zai shigar da takardarka, domin a manyan kamfanoni da hukumomin tarayya takardar da ba ta da mai riƙe da ita a ƙasan tebur take kwana. Ta biyu ya samu wani ofishin gwamnati na kusa, sakatariyar ƙaramar hukuma ko wata ma'aikata a Gusau, ko aikin wurin ya dace da karatunsa ko bai dace ba. A nan ne za ka ga mai karanta kimiyyar kwamfuta ya yi wata shida yana kai fayil daga ofis zuwa ofis yana sayo wa ma'aikata abinci, mai karanta injiniyancin lantarki kuma yana zaune a sashen ayyuka inda babu aikin da ake yi saboda ba a saki kuɗi ba. Ta uku ita ce wadda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Ɗalibi ya sami wani mai hatimi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da sa hannu," ya koma gida ko kasuwa, ranar da lokaci ya cika ya ari logbuk ɗin wanda ya riga shi, ya kwafe na wata shida a dare biyu, har da zanen.

Ba na ganin yawancin masu bin hanya ta uku malalata ne. A duba batun kuɗi. Alawus ɗin da gwamnati ta yanka wa ɗalibin SIWES Naira 2,500 ne a wata, tun shekarar 2000, wato Naira 15,000 ga ɗan jami'a a wata shida, Naira 10,000 ga ɗan foli a wata huɗu. A tsawon wannan lokaci mafi ƙarancin albashi ya tashi sau da dama har ya kai Naira 70,000 a 2024, alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima ya kai Naira 77,000, an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya ninka. Tsakanin Ƙaura da Gusau kusan kilomita 60 ne, kuma alawus ɗin wata guda ba zai kai ɗalibi ya dawo da shi na mako ɗaya ba. Ko wannan ɗan kuɗin ma ba ya zuwa lokacin da ake bukatarsa. Sai an gama, an tattara takardu, an tantance, wani lokaci ɗalibin ya kammala makaranta kafin ya ga alat. Ɗan manomin da 'yan bindiga suka hana mahaifinsa zuwa gona, da me zai yi wata shida a Kano?

Ga kuma hanya. Duk wanda ya san titin Gusau zuwa Ƙaura, da Ƙaura zuwa Shinkafi, da wanda ya bi ta Zurmi ya nufi Jibiya, ya san ba a shiga mota sai da addu'a da tambayar direbobi halin da ake ciki. A watan Agusta na 2021 an kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura an kwashe ɗalibai da ma'aikata. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur. A Agustan 2023 an sace matasa 'yan Akwa Ibom a kan hanyar Zamfara suna tafiya Sakkwato yi wa ƙasa hidima, a Satumba kuma aka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida kusa da Jami'ar Gusau aka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. A irin wannan hali malamin da aka ba sunayen ɗalibai talatin da ke warwatse daga Zurmi zuwa Funtuwa, da kuɗin tafiyar da bai taka kara ya karya ba, me zai yi? Da yawa sukan kira ɗaliban su taru wuri ɗaya a cikin gari a duba littattafansu, ko a yi ta waya. Ban zargi malamin ba, yana da iyali. Amma in ido bai je wurin aiki ba, babu mai bambance wanda ya yi da wanda ya kwafa, kuma ɗalibin da ya sha wahala ya yi na gaskiya yana gani an ba shi maki ɗaya da wanda ya kwana a gida. Shekara mai zuwa ƙanensa ba zai wahalar da kansa ba.

Ɗalibai mata su suka fi shan wuya. Uban da ya yarda 'yarsa ta yi jami'a a Gusau ba lallai ya yarda ta tafi wani gari ta kama haya ita kaɗai ba, kuma yana da hujja. Saboda haka takan ƙare a wuri mafi kusa da gida ko mene ne shi. Wadda ta samu wuri kuma wani lokaci takan haɗu da shugaban da ya san makinta yana hannunsa, ba ta da inda za ta kai ƙara ba tare da ta rasa wurin ba. Makarantar da ta tura ta ya kamata ta ba ta lambar malama mace da za ta kira, da tabbacin cewa in ta bar wuri saboda irin wannan za a nema mata wani.

Masu karɓar ɗalibai ma suna da nasu kukan, kuma ya kamata a saurare su. Mai ɗakin gwajin jini ko mai kamfanin gini zai ce maka ɗalibi yana cin lokacin ma'aikaci, yana iya lalata na'urar miliyoyi, kayan gwaji kuma da kuɗi ake sayensu. Daidai lokacin da hannunsa ya fara faɗawa sai wa'adinsa ya cika ya tafi. Ba abin da mai wurin ya samu sai godiya. Shi ya sa wasu suka koma cajin ɗalibai kuɗi kafin su karɓe su, abin da ya juya manufar shirin gaba ɗaya.

A ganina babban kuskuren da muke yi shi ne jiran masana'antu su dawo kafin ɗalibanmu su koyi aiki, alhali aiki yana nan kewaye da mu, idon takarda ne bai gan shi ba. A cikin Ƙaura akwai gareji da ake sauke injin mota a ɗaure shi ya tashi, akwai masu walda da ke ƙera ƙofofi da tankuna da injin sussukar hatsi, akwai masu naɗa wayar janareto da famfon ban ruwa. Rashin wutar lantarki ya haifar da sana'ar haɗa sola, kuma mai haɗa ta kullum yana lissafin nauyin wuta da ƙarfin batir, wanda shi ne ainihin abin da ɗalibin lantarki ya karanta. Akwai masu haƙa rijiyar burtsatse, masu injin casar shinkafa, masu matsar man gyaɗa, masu gyaran waya da kwamfuta, masu noman rani a fadamun gulbin Gagare. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis makaranta ce ga mai karanta lafiyar dabbobi ko tattalin arzikin noma. A manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa, kuma ɗalibin kimiyyar abinci ko gwaje-gwaje ba zai ga irin wannan darasi a Abuja ba. Jihar da gubar dalma ta kashe mata yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 tana bukatar masana sinadarai da suka iya ɗebo ƙasa da ruwa su gwada da hannunsu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun kafin boko, yaro kan zauna gaban maƙeri ko majemi ko marini ko baduku shekaru, ya fara da zuga wuta da aike, har ranar da maigidansa zai sallame shi ya ba shi kayan aiki. Gani ya kori ji, a kan haka aka gina koyon sana'a a ƙasar Hausa. Abin da ya raba boko da wannan gado shi ne girman kai na takarda: ɗan jami'a yana jin kunyar a gan shi da baƙin mai a riga yana cewa wanda bai gama firamare ba "Maigida", makaranta kuma tana ƙyamar sa hannun da babu kan takardar kamfani a samansa. A Kaduna an fara karya wannan shinge. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, lokacin shugabancin Farfesa Idris Bugaje wanda daga baya ya zama shugaban NBTE, ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar Fanteka, aka fara tantance gwanintarsu ana ba su shaida. In an yi a Fanteka, babu abin da zai hana a yi da masu walda da makanikan Ƙaura.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Mai gareji ya iya gyara amma ba lallai ya iya bayanin dalili ba, wani lokaci ma hanyar da yake bi ba daidai ba ce. Babu tabarau na walda, babu takalmin kariya, babu maganar inshora in yatsa ya tafi. Kuma akwai fannonin da dole sai babbar masana'anta: mai karanta injiniyancin sinadarai ko na man fetur ba zai sami abin da yake nema a bakin kasuwa ba. Waɗannan su ne 'yan kaɗan da ya kamata makaranta ta yi musu fafutukar wuri a Kalambaina ko Kano ko Legas, ta tura su rukuni-rukuni, ta kama musu masauki. Sauran kuwa, giɓin da ke wurin mai gareji shi ne ainihin aikin malami. Wurin da ke cikin gari malami zai iya leƙawa duk mako a kan babur ba tare da ya hau hanyar daji ba. Maigida ya nuna yadda ake yi, malami ya tambayi ɗalibi me ya sa. Sau da yawa shi kansa maigidan zai ƙaru, domin ɗalibin da ya iya karanta zanen waya ko lissafin kaurin kebul yana da abin bayarwa.

A wasu wuraren da wannan tsari ya yi ƙarfi a duniya, ba a sakar wa ɗalibi takarda a ce ya je ya nema. A 1906 wani malamin injiniyanci a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, Herman Schneider, ya bi masana'antun garin ɗaya bayan ɗaya ya shawo kansu, aka riƙa raba ɗalibai biyu, wasu suna aji wasu suna bakin aiki, sannan su yi musanya, kuma ana biyansu. A Jamus matashi kan ƙulla yarjejeniya da kamfani, ya yi wasu kwanaki na mako a wurin aiki wasu a makaranta, majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu su ke shirya jarrabawar ƙarshe, kuma yawancin masu horarwar ƙananan shaguna ne. A tsarin Cincinnati neman wuri nauyin makaranta ne. A ƙa'idar SIWES ma haka yake a rubuce, a aikace ne aka sauke shi a kan yaro ɗan shekara ashirin da ba shi da kowa.

Ofishin SIWES na kowace makaranta a Zamfara zai iya zama da ƙungiyoyin makanikai da masu walda da masu sola da masu shagon magani, a zagaya a duba wurarensu, a fitar da jerin waɗanda suka cancanta da adadin ɗaliban da kowane zai iya ɗauka, a ba su hatimin da makaranta ta amince da shi da ɗan kayan kariya. Wannan bai bukatar sabuwar doka. Gwamnatin jiha kuma tana da makami a hannunta: duk kwangilar titi ko asibiti ko makaranta, har da filin jirgin saman Gusau da aka fara ginawa a 2024, a sa sharaɗin ɗaukar ɗalibai a cikin yarjejeniyar. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 ya bi ta Jibiya, maƙwabciyar Zurmi, aiki ne da ɗalibin injiniyancin gine-gine zai daɗe bai sake ganin irinsa kusa da gida ba. ITF tana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatan kamfanoni don horarwa, tana mayar wa kamfanin da ya horar da ma'aikatansa wani ɓangare. Babu laifi a faɗaɗa wannan rangwame ga wanda ya horar da ɗalibi da gaske. Alawus kuwa, ko nawa aka mayar da shi, a biya shi wata-wata tun daga farko.

Akwai gyara ɗaya da ke hannun malamai kacokan, ba ya jiran Abuja ko Gusau. Ranar kare rahoto a daina tsayawa kan kyawun bugu da kaurin takarda. Wanda ya ce ya yi IT a wurin haɗa sola a kai shi ɗakin koyon aiki na makaranta, a ajiye masa faifai da batir da inbata ya haɗa. Wadda ta ce a ɗakin gwaji ta yi a ba ta gilashi da madubin likita ta nemo ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya ce a wurin gini ya yi a miƙa masa na'urar awon ƙasa ya ɗauki lebur. Kwalejin Ƙaura tana da ɗakunan da za a yi wannan, kuma minti goma sun isa kowane ɗalibi.